Mura Ce Kawai

Ranar da aka koro Rediyo daga makaranta, uwarta tana tsugune a bakin famfo tana ɗauraye kwanuka. Yarinyar ta shigo gidan hayar da jakarta a goye, hantsi bai gama ɗagawa ba, kuma ba ta rangaɗa sallamar nan tata mai tashin gida ba. Ubanta ne ya laƙaba mata sunan Rediyo, don tun da ta iya magana ba ta yin shiru sai barci ya sace ta. Shekararta bakwai, amma duk abin da ya faru a layin, daga bakinta ake fara ji.

"Lafiya kika dawo yanzu?"

"Hedimasta ya ce duk wanda ba a yi wa allura ba ya tafi gida. Wai sai an yi mana za mu koma."

Maman Rediyo ta ajiye soso. Ta san za a zo nan. Tun da cutar mashaƙo ta ɓulla a garin, hukuma ta ce allurar rigakafi dole ce ga kowane yaro. A makon da ya wuce ma'aikatan lafiya suka shigo layin da akwatunansu na ƙanƙara, 'yan sanda biyu suna biye da su. Mijinta, mai walda da shagonsa yake a bakin layi, ya tare ƙofar gida da gilashin aikinsa a goshi, ya ce babu mai taɓa masa 'ya. Ya yi magana mai zafi, mutane suka taru, har aka tafa masa. Tun daga ranar, zaman bencin shagonsa ya ƙaru. In ya wuce sai ka ji samari suna cewa, "Sai kai, namijin layi!"

Da yamma mijin ya dawo yana ƙaurin ƙarfe. Ta bari ya ci abinci, ya sha ruwa, sannan ta gaya masa.

"Sun koro ta? Madalla. Ta zauna a gida."

"Baban Rediyo, da dai an daure an yi mata. Allura ce fa, yanzu a yi yanzu a gama."

"'Yata ce ko 'yar gwamnati? Shekara nawa kwatar layin nan tana toshe, sauro yana cin mu, wa ya zo? Ranar da kika je haihuwar yarinyar nan, ko safar hannu babu a asibitin, ni na fita na sayo. Yanzu ne suka ƙaunace mu har da rakiyar 'yan sanda? Abin alheri ba a kawo shi da kulki."

Ta san maganarsa ba duka ce ƙarya ba. Ita ma ta ji ciwon yadda aka shigo musu kamar an zo kama ɓarayi.

"Amma liman ma ya kai nasa yaran," in ji ta a hankali.

"Liman limamin masallaci ne, ba na ɗakina ba. Allah ne mai tsarewa. Kowa yana da 'yancin abin da zai shiga jikin iyalinsa, ni kuma na zaɓa."

Haka Rediyo ta zauna. Da safe takan tsaya a ƙofar gida ta kalli ƙawayenta suna wucewa cikin kayan makaranta, tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya har su ɓace. In ta gaji sai ta koma ɗakin da ke kallon nasu, ɗakin direban tasi da matarsa, wadda duk gidan ke kira Maijego tun da ta haihu kwanan baya. Haihuwar fari ce, bayan an daɗe ana jira. Jaririn bai ma kai lokacin fara tasa allurar ba. Rediyo ta mayar da shi ɗanta. Ita ce mai miƙo hoda, ita ce mai kaɗa masa ƙuda, ita ce mai ba shi labarin duk wanda ya yi faɗa a layi.

"Ke wannan yarinya, kin cika masa kunne," Maijego takan ce tana dariya. "Ranar da ya fara magana ke za ki yi ta fama da shi."

Wata safiya Rediyo ta ƙi tashi. Jikinta da ɗumi, ta ce haɗiyar miyau tana yi mata zafi. Uwar ta dafa mata shayi da lemon tsami da zuma, ta kurɓa sau biyu ta ture. Washegari zazzaɓin bai sauka ba, ga wani wari da yake fita daga bakinta wanda uwar ba ta taɓa jin irinsa ba. Ta kunna fitilar waya, ta ce, "Buɗe baki, ki ce aa." Can cikin maƙogwaron ta hango wani abu toka-toka ya manne, kamar tsohon ƙyalle. Gabanta ya yanke ya faɗi. Abin da ma'aikatan lafiya suka yi ta kwatantawa da lasifika ke nan, ranar da suka zo.

Da mijin ya shigo cin abincin rana, ta ja shi ɗaki, ta haska masa. Ya leƙa. Ta ga yadda fuskarsa ta sauya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe.

"Mura ce."

"Baban Rediyo, dubi fa abin nan."

"Na ce miki mura ce kawai. Yara suna yi." Ya waiwaya wajen ƙofa, ya rage murya. "Kada ki bar ta ta fita tsakar gida. Kuma kada in ji maganar nan a bakin kowa."

Bai je kemis ɗin layinsu ba, inda aka san shi. Ya hau babur ya tafi wata unguwa mai nisa, ya dawo da maganin tari da na zazzaɓi a baƙar leda. Da hannunsa ya ba ta, yana lallashi, yana ce mata in ta warke zai ƙera mata lilo na ƙarfe wanda babu irinsa a garin.

Kashegari da hantsi, Maman Rediyo tana girki a bakin ƙofarta, sai ga Maijego da mayafi a kai, jariri a kafaɗa.

"Maman Rediyo, wai ina gidan rediyon namu? Kwana biyu an ɗauke mana wuta, gida ya yi tsit."

Maganar gaskiya ta taso mata har bakin harshe. Ta dubi Maijego, ta dubi labulen ɗakinta, ta tuna fuskar mijinta.

"Mura ce kawai take fama da ita."

"Ayya, Allah ya sawwaƙe. Don Allah riƙe mini shi in je bakin titi in karɓo saƙo. Rana ta yi zafi, ba na so in fita da shi. Yanzu zan dawo."

Tana iya cewa hannunta da aiki. Tana iya cewa a kai wa matar tela ta ɗakin ƙarshe. Amma ba ta taɓa ƙin karɓar yaron nan ba, kuma in ta ƙi yau za a tambaye ta dalili. Ta goge hannu a zane, ta karɓe shi.

Ta yi niyyar ta riƙe shi a waje har uwarsa ta dawo. Sai tukunya ta tafaso tana zuba kan wuta, tabarma kuma tana shanye a kan igiya a jiƙe. Ta shiga da sauri ta kwantar da shi a ƙarshen gado, nesa da Rediyo da take barci, ta fito ta sauke tukunyar. Ba ta daɗe ba. Da ta koma, ta tarar Rediyo ta farka, ta jawo shi jikinta, ta haɗa fuskarta da tasa tana yi masa magana da wata shaƙaƙƙiyar murya, tari yana katse ta.

"Ɗana, ka yi kewata?"

Uwar ta fizge shi har ya tsorata ya fashe da kuka. Ta goge masa fuska da gefen zanenta, ta sake gogewa, ta wanke masa da ruwa. Rediyo ta bi ta da ido, ba ta san laifin da ta yi ba.

Da Maijego ta dawo, har da tsarabar lemo ta kawo wa mara lafiya. Ta karɓi ɗanta tana godiya. Maman Rediyo ta amsa godiyar ba ta ɗaga ido ba. Lemon nan ya zauna a kan tire, duk sanda ta gifta sai ta kau da kai.

Daga nan ciwon ya ɗauki hanya. Wuyan yarinyar ya kumbura daga ƙarƙashin kunne har haɓa, ya zama kamar ba nata ba. Muryar ta ƙara shigewa, sai raɗa, daga baya raɗar ma ta gagara, sai nuni da hannu. In an ba ta ruwa sai ta ƙware, wani ya biyo ta hanci. Kwanciya ta gagare ta, sai a jingine ta da matashi, tana jan numfashi da wata ƙara kamar ana zarto a nesa. Uwar takan kunna rediyon gaske ta ƙure murya don kada maƙwabta su ji.

Mai walda ya rage zaman shago. Yakan shigo ya zauna a gefen gado da mafici, ya yi addu'a a ruwa ya shafa mata a wuya. Sau ɗaya matar ta ga hawaye yana bin gemunsa. Ba rashin so ba ne, wannan ta sani. Shi ya sa abin ya fi ƙona mata rai.

"Mu kai ta asibiti, don girman Allah."

"Bari mu ga gobe. Maganin bai gama aiki ba."

Goben ta zo, ya ce ai kamar kumburin ya ɗan saɓe. Bai saɓe ba. Ya ce asibiti yanzu cike yake da masu cuta, in an kai ta can ne za ta kwaso abin da ba ta da shi. Ya ce wani ya gaya masa duk yaron da aka kwantar a ɗakin nan nasu ba a barin iyaye su gan shi. Kullum da sabon dalili, kuma kowane dalili yakan faɗe shi yana kallon bango.

Sai ya aika aka zo da uwarsa. Inna ta shigo da carbinta da ƙullin kayanta, ta dubi jikarta, ta yi salati. Maman Rediyo ta ji sanyi a ranta, ta ce ga wadda za ta sa shi dole. Ta durƙusa gabanta.

"Inna, ki yi masa magana. Yarinyar nan numfashi yana neman gagararta."

Tsohuwar tana jan carbi ta ce, "'Yar nan, ciwo da sauƙi duk na Allah ne. Mu da muka haife su, wace allura muka sani? Ga shi nan ya girma har ya aje iyali."

"Inna, ai ba allura nake cewa ba yanzu. Magani nake cewa."

"Na ji ki. To kin san abin da zai biyo baya? Kina kai ta, mota za su turo har ƙofar gida. Su zagaye gidan nan, su rufe masa shago, su ce shi ya jawo. Mutumin da duk layi ke ganin girmansa, ki sa yara su riƙa nuna shi da baki? Mace ta gari rufa wa mijinta asiri take yi. Ki yi haƙuri, a ci gaba da addu'a."

Maman Rediyo ta juya wajen mijinta. Yana tsaye a jikin ƙofa, hannuwansa masu tabon tartsatsi a harɗe.

"Haka ne, Baban Rediyo? Wannan ne dalilin?"

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Da wane ido zan dubi mutane? A gabansu na tsaya na kori ma'aikatan nan. Yanzu in ɗauko ta a kafaɗa in bi ta gabansu?"

Ba zancen kwata yanzu, ba zancen kulki, ba zancen tawakkali. Ta dube shi, ta ji kunya ta rufe ta kamar ita ta faɗi maganar. Kuma ba ta iya yi masa tsawa ba, don ita ma abin da ya rufe mata baki gaban Maijego ke nan.

Washegari da safe ya fita shago, ya ce akwai ƙofar wani da ya yi alkawarin gamawa. Inna tana banɗaki. Maman Rediyo ta zo ba yarinyar ruwa, sai ta ga leɓɓanta sun yi duhu, ramin wuyanta yana lotsawa ciki duk sanda ta ja iska. Idanun yarinyar a buɗe, suna kan uwarta. Ta ɗaga hannu ta kama bakin rigar uwar, ta riƙe.

Ba ta nemi mayafi mai kyau ba, ba ta nemi takalmi ba. Ta saɓa ta a kafaɗa, ta ture labule, ta fito tsakar gida. Matan da ke wanki a bakin famfo suka miƙe tsaye.

"Innalillahi! Maman Rediyo, me ya sami wuyanta?"

Ba ta tsaya ba. A ƙofar gida direban tasi yana wanke motarsa. Yana ganinsu ya jefar da tsumma, ya buɗe ƙofar baya, bai tambayi komai ba.

Hanya ɗaya ce ta fita layin, ta gaban shagon walda. Mutane suna zaune a benci, shi kuma yana tsugune kan ƙarfe, wuta tana tartsatsi. Direban ya taka birki ya danna ham. Mai walda ya ɗage gilashi. Ya ga matarsa, ya ga kan 'yarsa a kan cinyarta. Ya miƙe, ya yi taku ɗaya, sai ya waiwayi mutanen benci, duk sun zuba masa ido. Ya tsaya cak.

"Mu je," in ji Maman Rediyo.

A asibiti ba a sa su layi ba. Wata nas ta dubi wuyan kawai ta ƙwala kira, aka zo da gadon turawa, aka shige da yarinyar. Can wata babbar nas ta fito, ta ba su abin rufe hanci, ta tsaya gabansu.

"Tun yaushe take haka?"

"An kwana biyu."

"Baiwar Allah, wannan ba ciwon kwana biyu ba ne. Me kuke jira? An yi mata rigakafi?"

"Ba a yi ba."

Nas ɗin ta ja numfashi. "To, akwai ƙananan yara a gidan? Cutar nan a tari take bi. Duk wanda ya kusance ta sai mun gan shi yau."

Direban ya ce, "Akwai nawa, amma jariri ne. Tun da aka ce ba ta jin daɗi bai shiga wajenta ba. Jiya dai ya ɗan yi zafin jiki, yana ƙin mama, uwarsa ta ce ko canjin yanayi ne."

Maman Rediyo ta dube shi. Ga mutumin da ya bar aikinsa ya kawo ta, rigarsa ma ba ta bushe daga wankin mota ba.

"Ya shiga," ta ce.

Direban ya juyo. "Na'am?"

"Ya shiga wajenta. Ranar da uwarsa ta ba ni riƙo. Ta rungume shi, ta yi tari a fuskarsa."

Bai zage ta ba. Ya dube ta kawai, kamar yau ya fara ganinta, sannan ya juya da gudu wajen motarsa.

Rediyo ta sha da ƙyar. Sai da likitoci suka huda mata wuya suka sa bututu kafin iska ta samu hanya. Suka ce ciwon ya taɓa zuciya, za ta daɗe a kwance, kuma ko an sallame ta ba gudu ba tsalle sai abin da hali ya yi. Ubanta ya zo a ranar, bayan la'asar, ta ƙofar baya. Ya tsaya a bayan gilashi yana kallonta, kafaɗunsa suna rawa. Ma'aikatan lafiya kuwa suka je gidan hayar, suka yi wa kowa allura, suka raba ƙwayoyi. Da suka nemi mai walda, aka ce ya fita sayen ƙarfe.

Jaririn an kwantar da shi a ɗakin da ke gaba da na Rediyo. Maman Rediyo takan hango Maijego ta taga, zaune kan kujerar roba, hannunta cikin ɗan gadon. In za ta je ɗebo ruwa sai ta zagaya ta bayan ginin don kada su haɗu. Jikin yaron bai da ƙarfin da zai yi dogon fama. Wata safiya ta leƙa, ta ga kujerar robar babu kowa, ana cire zanin gado.

Ta bar Rediyo wajen nas, ta tafi gida ɗauko kaya da yin gaisuwa. An riga an dawo daga maƙabarta. Maza suna zaune kan tabarmi a ƙofar gida. Tana wucewa ta jiyo muryar Inna daga tsakar gida tana ce wa wasu mata, "Kwanansa ne ya ƙare. Ko a cikin kwalba aka sa shi, in lokaci ya yi sai ya tafi."

Ta cire takalmi a ƙofar Maijego. Ɗakin cike da mata, amma tana shiga aka yi tsit. Maijego tana zaune a ƙasa, ta jingina da gado, gaban rigarta ya jiƙe da nono. Maman Rediyo ta durƙusa daga nesa.

"Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne."

"Amin." Maijego ta ɗago ido. Muryarta ba faɗa a ciki. "Maman Rediyo, abu ɗaya zan tambaye ki. Ranar da na ba ki shi, kin san abin da ke damunta?"

Duk ɗakin yana jira. Akwai amsoshi da yawa da za ta iya bayarwa. Tana iya cewa ba ta tabbatar ba, ita ba likita ba ce. Tana iya cewa mijinta ne ya hana.

"Na sani."

Maijego ta gyaɗa kai a hankali. "Da kin ce mini kada in kawo shi, ko ba ki faɗi dalili ba, wallahi da ban tambaye ki ba. Da ma ban gaya wa kowa ba." Ta share ido da bayan hannu. "Ya jikin Rediyo?"

Wannan tambayar ce ta karya ta. Da zagi ne da ta iya ɗauka. Ta buɗe baki ta amsa, kuka ya ci ƙarfinta, wata tsohuwa ta kama hannunta ta fito da ita.

Ta tsallaka tsakar gida zuwa ɗakinta. Ƙofar a kare take, abin da ba a saba ba da rana. Ta tura. Mijinta yana zaune a bakin gado, ya naɗe hannun riga har kafaɗa. Wani ma'aikacin lafiya, saurayi, yana tsaye kansa yana danna auduga a damtsensa, ga ɗan akwatin ƙanƙara a ƙasa an lulluɓe shi da buhu.

"Rufe ƙofar," in ji mai walda da sauri.

Ma'aikacin ya miƙa masa ƙwayoyi, ya gaya masa yadda zai sha, ya ce in zazzaɓi ya zo kada ya jira. Mai walda ya roƙe shi ya fita ta ƙofar baya, wajen bola. Saurayin ya dube shi, ya dubi matar, ya ɗauki akwatinsa ya fita.

Mai walda ya sauke hannun rigarsa, yana ɓalla maɓalli, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Tun jiya nake jin maƙogwarona yana yi mini ƙaiƙayi," ya ce. "Na ce gara a yi maganin abin da wuri. In na kwanta, wa zai ciyar da ku?"

Ta tsaya tana kallonsa.

"Ba sai kowa ya ji ba," ya ƙara. "Kin san mutane."

"Tun jiya," ta ce.

"Eh."

"Naka maƙogwaron kwana ɗaya ya yi, ka nemo masa magani har ɗaki. Ita ka ga nata da idonka, ka ce mu ga gobe."

"Ki yi a hankali, ana jin ki."

"Ka ce kowa yana da 'yancin abin da zai shiga jikinsa. Ita wa ya tambaye ta? Ɗan mutanen can da aka binne ɗazu, wa ya tambaye shi? Kai kaɗai ka zaɓa, Baban Rediyo, ni na taya ka rufe baki, su suka biya."

Ya sunkuyar da kai yana murza wurin allurar ta saman riga. Daga waje wani ya kira shi, ana cewa ya fito za a yi addu'a. Ya miƙe, ya gyara hula, ya tsaya ya saita fuskarsa, sannan ya fita. Ba a jima ba ta jiyo muryarsa cikin muryoyin maza, ta fi ta kowa ƙarfi wajen cewa amin.

Ta haɗa kayan Rediyo a leda, riguna da zani da kofinta na roba. A bakin ƙofa ta tsaya. Ƙofar baya tana nan kusa, babu wanda zai gan ta. Ta gaba kuwa sai ta ratsa matan da ke zaune a tsakar gida, ta wuce ɗakin Maijego, ta bi ta tsakiyar maza. Ta ja mayafi ta rufe kai, ta bi ta gaba. Mata suka janye ƙafafunsu suka ba ta hanya, babu wadda ta ce mata a gaida mai jiki.